Ɗaurayar Kwalba

Ta ɗaga murfin bokitin farko ta tsoma ludayi, ludayin ya nutse har ƙasa babu abin da ya tare shi. Ta buɗe na biyu, shi ma haka. Madarar da ta dafa jiya da yamma, ta zuba mata irin yogot, ta lulluɓe da bargo yadda ta saba, ta kwana ta tashi tsararo. Ta ɗiba ta ɗanɗana. Ko alamar tsami babu, sai ka ce yanzu aka tatso ta.

Wannan ba shi ne karon farko ba a 'yan kwanakin nan. Mai yin yogot ba ta tsoron madarar da ta lalace, domin wannan an san kanta. Amma madarar da za ta kwana cikin ɗumi, ta ƙi kamawa kuma ta ƙi lalacewa, ita ce ke tayar mata da tsigar jiki.

"Ya kama?" mijinta ya tambaya daga waje.

Yana zaune kan benci a bakin rumfar shanu, ya ɗaga hannun damansa sama, naɗe da tsumma. In ya sauke shi zogi ba ya barinsa.

"Bai kama ba."

"Irinki ne ya mutu. Ki nemo sabo."

"Sabo na zuba. Malam, mu ga hannun nan."

"Karkare ne, na faɗa miki. Ya kusa fashewa."

Duk unguwar Dokta ake kiransa, alhali ko ƙofar makarantar likitoci bai taɓa gani ba. Abin da ya mallaka shi ne tsohuwar jaka mai sirinji a ciki, da ƙarfin hali. Dokarsa ɗaya ce kuma ba ta canzawa: saniya ta yi tari ko ta yi sanyi, a danna mata allura, da zarar ta miƙe ta kai baki ga ciyawa, ta warke ke nan, sauran magani a ajiye wa wata. Ita kuwa Ba-Asara yake kiranta, sunan har ya bi ta kasuwa. Ba ta taɓa jefar da gwangwanin tumatir ba sai ta ɗauraye shi a tukunya. Guntun sabulu a jikin sabo take manna shi. To irin wannan mace ce za ta ga kwalbar magani mai tsada da ɗan saura a gindi ta bari a yar? In sirinji ya kasa zuƙo komai, sai ta cika kwalbar da ruwa, ta girgiza, ta juye a kwamin da shanu ke sha, ta wanke ta tas ta jera a kwando don wata rana. Shi kuma ya gyaɗa kai ya ce rigakafi ya fi magani. A duk zamansu na aure, wannan ne abin da ba su taɓa yin musu a kansa ba.

Ta durƙusa ta warware tsumman ba tare da ta jira izini ba. Wayar shinge ce ta yanke shi a babban yatsa, yanka ɗan ƙarami da ko yaro ba zai yi wa kuka ba. Da wannan yatsan ya ci gaba da tatse Mai Tabo, saniyar da ta fi kowacce madara a garken, wadda ɓangare guda na hantsarta ya kumbura ya yi tauri, yana fitar da gudaji-gudaji da ruwan ciwo. Ya yi mata allura, ya canza magani, ya sake canzawa, hantsar na nan yadda take. Yanzu yatsan ya ninka girmansa, fatar tana ƙyalli, kuma wani jan layi ya taso daga wuyan hannu ya nufi gwiwar hannu. Jiya babu wannan layin.

Ta taɓa goshinsa. Zafi rau.

"Mu je asibiti."

"In je in wuni a layi saboda karkare? Ai na ɗan yi wa kaina allurar shanun jiya. Abin da ke ɗaga saniya ba zai kasa ɗaga mutum ba."

"Mai Tabo ta tashi ne?"

Ya juya yana kallon rumfar. Daga can ƙuryar ana jin numfashin Mai Tabo, tana tsaye ta wara ƙafafun baya, ta ƙi kallon ciyawar da ke gabanta.

Tsoro ya kama ta sosai. Wannan hannun ne ke tatsa, shi ke ɗaure turke, shi ke jawo maraƙi in haihuwa ta zo da gardama. Yau da safe ita ta yi tatsar, shanun suna ta harbin iska domin ba su san hannunta ba. Ta ɗaure masa tsumman, ta yafa gyale, ta ce za ta leƙa kasuwa. Ba ta faɗa masa cewa kwanakin baya ta tatsi madarar Mai Tabo a ɓoye ta kai ofishin likitar dabbobi ba, kuma yau aka ce ta koma. Dokta ba ya son jin akwai wani likita a duniya.

Motar haya ta sauke ta a bakin kasuwa. Ofishin ɗaki biyu ne a bayan masu sayar da dusa, yana warin maganin wanke ƙasa. Likitar matashiya ce mai tabarau, takalman roba masu taɓo suna jingine a bayan ƙofa. Ta gane ta nan take.

"Mama mai yogot. Shigo ciki, gara ki gani da idonki."

Ta fito da wani ɗan faranti mai murfin gilashi, ta ɗaga shi ga hasken taga. Cikinsa ya rufe da wani abu fari-fari kamar fumfunar da ke fitowa kan tsohon burodi, an jera wasu 'yan ƙananan takardu zagayayyu a kai.

"Wannan farin da kika gani, ƙwayoyin cutar da ke cikin hantsar saniyarku ne. Mun shuka su, sun tsiro. Kowace takarda kuma an jiƙa ta da magani iri guda. In maganin yana cinsu, za ki ga fili ya buɗe a kewayen takardar, ba su iya matsowa."

Ba-Asara ta matso da fuska. Farin ya bi takardun ya manne musu har baki, ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya tak ce a gefe take da ɗan fili a kewayenta.

"To ai duk sun matso."

"Sun matso."

"Maganin jabu ne ke nan?"

"Lafiyarsa ƙalau. Zauna, Mama." Likitar ta ajiye farantin ta jawo kujera. "Ƙwayar cutar nan halitta ce mai rai, tana ci, tana hayayyafa. Tana da bango a jikinta kamar gida. Wani maganin bangon yake hana ta ginawa, sai ta fashe. Wani kuma ciki yake shiga ya tsayar mata da aiki, ta kasa ƙaruwa, jikin saniyar ya ƙarasa ta. Amma sai maganin ya kai yadda ake so, kuma sai an ci gaba da shi har ƙarshe. In aka yi rabi aka tsaya, raunana ne ke mutuwa. Masu taurin kai su rage, wuri ya zama nasu su kaɗai, su haifi irinsu. Wa ke yi muku allura?"

"Maigidana. In ta miƙe yakan tsaya." Sai ta ji ya kamata ta kare gidanta, ta ƙara da cewa, "Amma ba ma sakaci, Likita. Ko lafiyarsu lau suna samun ɗan magani a ruwan sha."

"A ruwan sha? Wa ya rubuta muku?"

"Ba wanda ya rubuta. Ɗaurayar kwalba ce." Ta kwatanta da hannu yadda take cikawa, ta girgiza, ta juye. Ta faɗe shi da ɗan alfahari, irin na macen da ta san ba ta da almubazzaranci.

Likitar ta cire tabarau ta goge shi da gefen rigarta, ta daɗe tana gogewa.

"Tun yaushe?"

"Tun da muka fara kiwo."

"Kowane irin magani?"

"Duk wanda ya shigo gidan."

"Ba zan ce miki wannan kaɗai ne ya jawo ba," in ji likitar a hankali. "Amma abin da kike zubawa bai isa ya kashe su ba, ya dai isa su saba da shi."

Ba-Asara ta kalli tafin hannunta. Can ta ce, "To yogot ɗina fa? Shi me ya yi?"

"Kina haɗa madarar marar lafiyar da ta sauran?"

"Ta ɓangaren da ke da lafiya. Fara ce sol, ba abin da ya same ta."

"Saniyar da ake yi wa allura, maganin yana fitowa a madararta, ko ta wane ɓangare. Zubar da ita ake yi har ya bar jikinta. Irin da kike zubawa ya kama miki yogot, shi ma ƙwayoyi ne masu rai, na kirki. Su maganin ke kashewa." Ta yi ɗan murmushi marar daɗi. "A gidanku yanzu su kaɗai suka rage masu jin maganin."

A waje wani mai kura yana ta neman a ba shi hanya. Likitar ta miƙe tana lissafa abin da za a yi: a ware Mai Tabo, ita za a riƙa tatsa a ƙarshe, kada a sayar da madarar, gobe za ta zo da kanta ta duba garken. "Kuma mai tatsar ya sa safar hannu. Wannan ƙwayar cutar ba ta tsaya kan shanu kaɗai ba. Duk mai rauni a hannu kada ya kusanci hantsar nan."

Ba-Asara ta ɗago kai da sauri.

"In ya riga ya kusanta fa?"

Likitar ta juyo. "Wa?"

Ta faɗa mata komai: wayar shinge, kumburin, zazzaɓin, jan layin da ya taso yau, da allurar shanun da ya yi wa kansa. Tun kafin ta gama likitar ta karɓi wayarta, ta ɗauki hoton farantin da na takardar sakamakon.

"Ban ce lalle ita ce ba, sai sun gwada. Amma ki nuna musu wannan. Ki kwashe kwalaben nan duka ki tafi da su. Kada ki bari ya kai yamma a gida, Mama, ko da ɗaure shi za ki yi."

"Wannan guda ɗayan mai fili fa? Yana aiki ko?"

"Yana yi. Ba a sayar da shi a kantin da mijinki ke zuwa, shi ya sa bai taɓa shiga kwaminku ba." Ta sake duban farantin. "Filin dai ba shi da faɗi."

A motar komawa ba ta ji surutun kowa ba. Addu'a take yi ta same shi a kwance yana nishi, domin mai nishi ba ya gardama. Sai ta same shi a tsaye a tsakar gida, yana watsa wa kaji tsaba da hannun hagu, fuskarsa a sake.

"Ba-Asara, ina cefanen? Zo ki ga ikon Allah. Ya daina ciwo."

Ya warware tsumman da kansa ya miƙo mata. Kan yatsan ya yi duhu kamar an tsoma shi a toka. Ya matsa shi da ɗayan hannun yana dariya. "Kin gani? Ko kaɗan ba na ji. Har na je na ƙara tatse Mai Tabo. Na ce miki allurar nan ba ta ƙarya." Gumi na tsattsafo masa a goshi, leɓɓansa sun bushe, jan layin kuma ya wuce gwiwar hannu.

Ta faɗa masa inda ta je. Ta nuna masa hoton. Ta maimaita maganar bango da ta masu taurin kai, gwargwadon yadda ta riƙe. Ya saurara yana taɓe baki.

"Yarinyar da aka haifa jiya ce za ta koya mini shanu? Ciwo ya tafi, kina cewa asibiti. Wanda ya warke me zai je yi?"

Ta san in ta biye wa baki za su kai magariba, domin a gardama bai taɓa faɗuwa ba. Sai ta shige ɗakin aikinta, ta rungumo bokitin farko, ta fito da shi tsakar gida, ta tuntsurar a gabansa. Madarar ta malale a ƙasa, ta bi ta ƙarƙashin takalmansa, ta gangara magudana. Kaji suka watse. Ta koma ta ɗauko na biyu, shi ma ta juye, har ta bubbuga gindinsa. Daga nan ta wuce rumfa, ta zare toshiyar kwamin, ruwan ya tsiyaye duka.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Tun da ya aure ta bai taɓa ganin ta zubar da ko cokali guda na abin da ake ci ba. Ya kalli farin da ke bin ƙasa, ya kalle ta, ya kalli yatsansa. Sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko hularsa.

A asibiti ba su yi zaman layin da yake tsoro ba. Nas ɗin da ke karɓar marasa lafiya ta ga hannun sau ɗaya ta wuce da su ciki, wannan ma ya ƙara wa Ba-Asara fargaba. Likitan dattijo ne marar yawan magana. Ya soka wa kan yatsan tsinin allura.

"Ka ji?"

"A'a," in ji mijinta. "Ai ya warke ne."

Likitan ya ajiye allurar. Ya cusa hannu a hammatarsa ya taɓo kaluluwa, mijin ya zabura. Ya faɗa wa nas sunan wani magani, sannan ya tambaya ko ya sha wani abu a gida.

Ba-Asara ta sauke kwandon daga kanta ta fara jera kwalaben a kan tebur. Manya da ƙanana, masu ruwan ƙasa da farare, kowacce a wanke tas tana ɗaukar ido, takardun jikinsu ba wadda ta yage. Teburin ya cika, ta ci gaba da jerawa a kan kujera. Likitan ya riƙa ɗauka yana karantawa yana ajiyewa. Da ta miƙa masa wayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu ya daɗe yana kallo.

"Dakata," ya ce wa nas. "Bar wancan. Ba zai yi ba." Ya ambaci wani, ya sake duban hoton, ya girgiza kai. Ya ambaci na uku. "A duba ko muna da shi a sito."

Ya zaro biro daga aljihu, ya kama dantsen mijinta, ya zana layi ya zagaye shi, ɗan gaba da inda jan ya tsaya.

"Yanzu za mu buɗe yatsan mu wanke, mu ɗebi ruwan ciwon a kai gwaji, mu sa masa magani ta jijiya. Hajiya, ke za ki zauna kusa da shi, to ki sa ido kan layin nan. In jan ya tsaya daga ciki, maganar yatsa za mu yi. In ya tsallaka, ki kira mu ko me muke yi."

"In ya tsallaka, maganar me za a yi?" mijin ya tambaya. Muryarsa ta sauka.

"Mu dai yi fatan ya tsaya."

La'asar ta yi sanyi kafin a fito da shi a kai shi ɗakin kwanciya. An naɗe hannun da bandeji har wuyan hannu, an ɗora shi kan matashi. An samu maganin a sito. Nas ta zo da shi cikin wata 'yar kwalba da ba ta kai tsawon yatsa ba, ta zuƙe da sirinji, ta tura cikin ledar ƙarin ruwa. A gindin kwalbar akwai ɗan ɗigon da ya rage yana ƙyalli. Nas ta jefa ta cikin kwalin shara ta wuce gado na gaba.

Hannun Ba-Asara ya motsa da kansa daga kan cinyarta. Ta kama shi da ɗayan ta mayar.

Mijin ya gani. Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Ba-Asara, kina kallo aka yar da saura."

Ba ta iya dariya ba. Ta gyara masa matashin, ta goge masa goshi da bakin gyalenta.

"Wa zai tatsi shanu gobe?" ya ce, idanunsa na lumshewa.

"Ni."

"Ba su san hannunki ba."

"Za su saba."

Da ta ji abin da ta faɗa sai ta tuna ita ce kalmar da likitar dabbobi ta faɗa a kan ƙwayoyin cutar. Shi kuwa barci ya riga ya ɗauke shi, bakinsa a buɗe, numfashinsa na fita da sauri-sauri. Maganin yana ɗiga a hankali cikin siririn bututu. Ta tuna farantin likitar dabbobi da ɗan filin nan da ke kewaye da takarda guda.

Lokacin da aka kwantar da shi ta gwada, yatsunta biyu sun zauna daidai tsakanin jan da layin biron. Ta jira har hasken taga ya fara ja da baya, aka kunna fitilun ɗakin. Sannan ta ɗage masa hannun riga a hankali don kada ya farka, ta sake aza yatsunta.

Ɗaya ne ya shiga, shi ma sai da ta karkata shi.